Zauren Turanci: Wa Ya Haifi Wa?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru a wannan wata kamar 'yan ɗaki ɗaya suke, duk da masu su ba su san juna ba. Kowa so yake ya san yadda zai faɗi da Turanci abin da ya jawo wani abu, ko inda abu ya samo asali, ko abin da ya raba shi da ɗan'uwansa. Na ɗauki huɗu daga ciki.

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya. A jarrabawar gwaji na rubuta "Malaria results in mosquito bites", sai malaminmu ya zagaye jimlar da jan biro, ya hana ni maki ko ɗaya, ya ce na juya magana. Ni kuwa ban ga inda na juya ba. Sannan "because" da "because of" da "due to" suna rikita ni ƙwarai. Daga wata ɗaliba a Katsina.

AMSA: 'Yata, malaminki ya yi gaskiya, amma kada ki karaya, don ba ilimin ne ya kuɓuce miki ba. Kin san sauro, kin san zazzaɓi, kin san alaƙarsu. 'Yar ƙaramar kalma ɗaya ce ta kayar da ke. Abin da jimlarki ke faɗa shi ne zazzaɓi ne ke haifar da cizon sauro, wato sai mutum ya kwanta ciwo sannan sauro ya zo ya cije shi. Kin ga an ɗora ɗa a kujerar uwa.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da Turanci a sakandare, kuma duk shekara sai na yi wannan darasi da hanya iri ɗaya. Nakan fito da yara biyu gaban allo, in rubuta "ruwan sama" a saman kan ɗaya da alli, in rubuta "ambaliya" a saman kan ɗayan, sannan in juya in tambayi aji: wa ya haifi wa? Duk sai su amsa da ƙarfi, ruwan sama ne ya haifi ambaliya. Sai in zana kibiya daga uwa zuwa ɗa. To, Turanci yana da kalmomin da ke bin kibiyar nan gaba, yana da waɗanda ke waiwayen baya. In kin fara jimla da uwa, sai ki ce "Heavy rain results in floods", ko ki sa "causes", ko "leads to", ko "brings about". In kuma da ɗa kika fara, dole ki waiwaya: "Floods result from heavy rain", ko "are caused by", ko "arise from". Kalmar "result" ɗaya ce a duka biyun. "In" ke kai ki gaba, "from" ke mai da ke baya, kamar yadda "zuwa" da "daga" suke a Hausa. Kafin ki ɗora biro, ki tambayi kanki wa ya haifi wa, ki duba wa kika fara ambata.

Tun da ma'aikaciyar lafiya za ki zama, bari in ƙara miki. Ko da kin rubuta "results from mosquito bites", mai duba takarda da ya san aikinsa zai so ki matsa gaba kaɗan. Sauro ɗan aike ne, ƙwayar cutar da macensa ke ɗaukowa daga jinin wani ta zuba a jinin wani ita ce ummul'aba'isi. Shi ya sa a littattafanku za ki ga an rubuta "Malaria is caused by a parasite and transmitted by mosquitoes." Kalma ɗaya ta mai haddasawa, ɗaya ta mai yaɗawa. Kuma abin sha'awa, sunan da Turawa suka ba cutar ma kuskuren gano dalili ne. "Malaria" daga Italiyanci take, ma'anarta mummunar iska, don a da sun ɗauka tururin fadama ne ke sa mutane zazzaɓi. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar a jinin majiyyata a Aljeriya, sannan a 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. Sunan ya riga ya zauna, ba a canza ba. Namu na yau, zazzaɓin cizon sauro, ya fi nasu kusa da gaskiya.

Batun "because" da "because of" kuwa, Hausa ce ke shigar da mu, don kalmarmu "saboda" tana aikin biyun. Mukan ce ban zo ba saboda ruwa, mukan kuma ce ban zo ba saboda an yi ruwa. Turanci ya raba su. In abin da ke biye suna ne kaɗai, "because of": "I stayed at home because of the rain." In cikakkiyar magana ce mai aikatau a ciki, "because": "I stayed at home because it rained." Kada ki taɓa haɗa su ki ce "because of it rained". Asalin kalmar ma "by cause" ne, aka manne su tun cikin ƙarni na 14.

"Due to" tana bin dokar "because of", suna take ɗauka. Tsofaffin malamanmu sun dage cewa ba a sa ta sai inda "caused by" za ta iya zama, kamar "The delay was due to rain", in ba haka ba a sa "owing to". Yau Turawan da kansu sun sassauta, amma ni har gobe a takardar jarrabawa nakan shawarci ɗalibi ya bi tsohuwar hanya, don babu mai kama shi da laifi a kanta. Ki kuma lura, in kin ga "The bus is due to arrive at four", ba dalili ake faɗa ba, lokacin da ake sa ran isowar mota ne.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam. Ina aikin fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo. Sau da yawa rahoton lafiya kan zo da "linked to" ko "associated with", ni kuma in fassara da "yana haddasa". Wani abokin aikina ya ce ba daidai ba ne. Ina neman hukunci. Daga wani mai fassara a Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa, ka riƙe abokin aikin nan naka hannu bibbiyu. Wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi a wurina, don kuskuren ɗalibi a takardarsa yake tsayawa, naka kuwa yana shiga kunnen tsohuwar da ke ƙauye, wadda ta ɗauki maganar rediyo tamkar yankan wuƙa.

Kalmomin nan matakala ce, kowace da tsayinta. A can ƙasa akwai "associated with" da "linked to". Abin da suke cewa kawai shi ne an ga abubuwan biyu suna tafiya tare. Sama da su akwai "contributes to" da "increases the risk of", wato abin yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba ne, yana ƙara haɗari. A can ƙoli sai "causes". Mai bincike da ya san ciwon kansa ba ya hawa ƙoli sai ya tara hujja, kuma in ya tsaya a matakin ƙasa da gangan ya tsaya. Kai mai fassara ba ka da izinin ɗaga shi sama.

Ga misali daga ƙofar gida. Da damina ta yi nisa, gasasshiyar masara kan cika bakin titi, a daidai lokacin kuma asibitoci kan cika da masu zazzaɓi. Wanda ya ƙirga zai ga lallai abin biyu tare suke hawa, tare suke sauka. Da Turanci ana iya cewa "associated". Amma masara ba ta sa zazzaɓi. Ruwan sama ne ya haife su duka biyu, ya nunar da masara, ya tara kududdufin da sauro ke ƙyanƙyasa. In ka ce wa masu sauraro masara na haddasa zazzaɓi, za su bar masara su kwana ba gidan sauro.

Dubi yadda aka yi da taba sigari. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka fitar da bincikensu kan majiyyata a asibitocin Landan, suka nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin shan taba da sankarar huhu. Aka yi ta ƙara bincike, kamfanonin taba suna ta musu suna cewa alaƙa ba dalili ba ce, har a 1964 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya fito ya ce shan sigari na haddasa cutar. Shekara 14 ke nan ana fafatawa a kan tazarar da ke tsakanin kalmomi biyu. Saboda haka in ka ga "linked to", Hausa ba ta gaza ba: ka ce "an alaƙanta shi da", ko "an gano yana da nasaba da". Ka ajiye "yana haddasa" da "yana jawo" sai ranar da "causes" ta zo.

Akwai wasu biyu da za ka riƙa cin karo da su a labaran rikici, "trigger" da "spark". Ta farko kunamar bindiga ce, ta biyu tartsatsin wuta. Duka biyun suna nufin abin da ya kunna, ba abin da ya tara ba. Kisan yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, a Sarayebo ranar 28 ga Yunin 1914 shi ne ya kunna Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma ƙawancen soja da gasar tara makamai da kishin mallakar ƙasashe sun daɗe suna taruwa. Masu tarihi kan kira waɗannan "underlying causes" ko "root causes". Tartsatsi ba ya cin daji sai ciyawa ta bushe. In rahoto ya ce gardama kan kuɗin mota ta "sparked" tarzoma, ka ce ita ce ta kunna wutar, ko ita ce sila, kada ka ce ita ce tushen rikicin.

Ƙarin abu ɗaya, tun da kullum kana tare da su: "cause" da "reason". Akan nemi "cause of" gobara ko haɗari ko mutuwa, abin da ya sa abu ya auku. Akan nemi "reason for" murabus ɗin minista ko ɗage zaɓe, abin da mai hankali ya duba ya yanke shawara. Ka kula da 'yan rakiyarsu, "of" ke bin ta farko, "for" ke bin ta biyu. Kuma in kai ne ke rubuta Turancin, ka ce "The reason is that", ka bar "The reason is because", don maimaici ne, kamar ka ce dalili kuwa shi ne saboda.

TAMBAYA: Malam, na je ganawar neman tallafin karatu. Wata Baturiya ta tambaye ni "Where do you come from?" Na ce "I came from Abuja", don daga can na taso da safe. Sai na ga ta dubi takarduna ta sake dubana. Me na yi ba daidai ba? Daga wani matashi a Kano.

AMSA: Ɗana, ita asalinka ta tambaya, kai kuma ka ba ta labarin tafiyarka. "I come from Kano" na nufin ni ɗan Kano ne, ko da ka shekara ashirin rabonka da garin. "I came from Abuja" na nufin daga Abuja na taso. Harafi ɗaya ne tsakaninsu. Da tafiyar take tambaya, da cewa za ta yi "Where have you come from?" ko "Where did you travel from?" Ba babban laifi ba ne, kuma na tabbata ta gane. Gaba ka ce "I'm from Kano", ya wadatar. "I hail from", da muke ƙauna a nan Najeriya, daidai ce, sai dai a kunnen mutumin Ingila tana da ƙamshin tsohon rubutu ko jawabin taro.

Da yake ka taɓo asali, bari in buɗe maka jakar, don kowane irin abu da kalmar da ta fi dacewa da shi. Kogi "rises" yake yi: "The Niger rises in Guinea", daga tsaunukan Gini ya faro ya yi tafiyar fiye da kilomita 4,000, Binuwai kuma ta faro daga Kamaru, suka haɗu a Lakwaja. Gini ko kasuwa ko al'ada, in zamaninta ake nufi, "dates from": "Kurmi Market dates from the fifteenth century", zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Matsala kuwa "stems from", daga kalmar karan tsiro, wato daga nan ta tsiro. Amfanin gona ko wata fasaha "originated in" wuri kaza.

Wadda na fi so ita ce "derive from", da ake yi wa kalmomi da sinadarai. Tushenta a Latin janyo ruwa ne daga rafi. Ka tuna mai lambu a fadama da sassafe, ya sa fartanya ya yanka 'yar hanya daga bakin rafi, ruwa ya bi ya shiga fangalin albasa. Haka kalma ke barin harshe ta shiga wani. "Sugar" ta Turanci da sukari namu duk daga rafi ɗaya aka janyo su, "sukkar" ta Larabci. Haka "cotton" da "algebra", Larabci ne mafarinsu.

Ka kiyaye, asalin suna daban, asalin abu daban. Masara a kudancin Meziko aka fara nomanta shekaru kusan 9,000 da suka wuce, amma sunanta a bakinmu Masar yake nunawa. Talo-talo tsuntsun Arewacin Amurka ne, amma Turawa suka laƙaba masa sunan Turkiyya. To a nan za ka ce "The bird originated in North America, but it is named after Turkey." Sai 'yan'uwan nan da ke kan kowane kwali: tabarma "is made of" kaba, don kana ganin kabar da idonka, daddawa "is made from" kalwa, don kalwar ta rikiɗe ba ka gane ta, "made in" na ƙasa ne, "made by" na wanda ya yi.

TAMBAYA: Malam, ni malamin makaranta ne, da Faransanci na yi karatu, yanzu nake koyon Turanci. Na rubuta "Hausa is different of Zarma" aka ce kuskure ne. Wani ya ce "from", wani ya ce "to", wani ya ce "than". Wanne zan kama? Kuma gaskiya ne "between" na abu biyu ne kawai? Daga wani malami a Damagaram.

AMSA: Malam, sannu da aiki, abokin sana'a. Faransanci ne ya ja hannunka, don a can "différent de" ake cewa, kai kuma ka mai da "de" ta zama "of". Ka kama "different from", ita ce karɓaɓɓiya a ko'ina, a baki da a takarda. "Different to" a Ingila aka fi jin ta, "different than" a Amurka. Mutanen da suka ba ka amsa uku duk ba su yi ƙarya ba, amma "from" ce ba ta da abokin faɗa.

Kada ka ga kamar Faransancinka cikas ne, jari ne babba. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, ya zubar da kalmomi masu ɗimbin yawa a cikin Turanci. "Cause", "reason", "source", "difference", duk ka riga ka san su tun kana aji. Abin da zai ba ka aiki shi ne 'yan ƙananan kalmomin da ke raka su, irin su "of" da "from" da "on", don a nan harsunan biyu suka raba hanya. Ka riƙa haddace kalma tare da 'yar rakiyarta, "depend on", "differ from", kamar yadda ake sayen tukunya da murfinta.

Dokar "between" na biyu, "among" na fiye da biyu, an koya mana ita, ni ma na koyar da ita a farkon aikina, amma rabin gaskiya ce. In ka ambaci abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa, "between" ce ko da sun kai goma: "Lake Chad lies between Niger, Nigeria, Chad and Cameroon." Ƙasa huɗu ke nan. "Among" ta taro ce da ba a rarrabe ba: "He shared the dates among the children." Kuma bambanci kullum "difference between" ne.

Ga abin da zai amfani ɗalibanka ranar jarrabawa. In tambaya ta ce "distinguish between" ko "differentiate between", ba a so yaro ya yi bayanin wannan a sama, ya yi na wancan a ƙasa, ya bar mai dubawa ya nemo bambancin da kansa. So ake ya ɗauki siffa ɗaya ya gwama su a kanta cikin jimla guda, kuma kalmar da ke ɗaure su ita ce "whereas". Nakan gwada wa yara da abin da suka ci da safe. Ƙosai da alale duk daga wake suke, an jiƙa, an surfe, an markaɗa, an sa albasa da attaruhu. To ina suka rabu? Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce ɗaya a mai ake soyawa, ɗaya turarawa ake yi. Sai in ce ya zo ya rubuta a allo: "Kosai is fried, whereas alale is steamed." In ya iya wannan, gobe zai iya rubuta ta a kan jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya da wadda ke mai da shi.